Yadda Za Ka Gano Hannun Canjin Kuɗi a Farashin Na'urar Gem Kafin Ka Saya

Kusan duk na'urar wasan bidiyo da ke kan kanta a shago, ko PlayStation ce ta kamfanin Sony, ko Xbox ta Microsoft, ko Switch ta Nintendo, da dalar Amurka aka biya kaso mafi tsoka na kuɗin ƙera ta, ko da kuwa da yuro ko yen ko naira za a sayar da ita. Ƙwaƙwalwar da ke cikin PlayStation 5 da Xbox Series X kamfanin AMD na Amurka ne ya tsara ta, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera, sannan aka harhaɗa na'urar a masana'antun Asiya, musamman na ƙasar Sin. Ta Switch kuwa daga kamfanin Nvidia take, kuma tun shekarar 2019 Nintendo ya mayar da wani ɓangare na aikin harhaɗawa zuwa Biyetnam. Cinikin irin waɗannan kayayyaki da dala ake ƙulla shi, saboda haka farashin da aka rubuta da kuɗin kowace ƙasa yana bin farashin dala ne a baya, wani lokaci da sauri, wani lokaci bayan watanni masu yawa. Wanda ya iya auna tazarar da ke tsakanin farashin biyu zai san ko an tsauwala masa, kuma sau da yawa zai hango ƙarin farashi tun kafin a sanar da shi.

Ka fara cire haraji kafin ka kwatanta komai

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauki farashin Amurka da na Turai ya ajiye su gefe da gefe, ya ce an cuci Turawa. Farashin da ake sanarwa a Amurka babu harajin saye a cikinsa, domin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma sai wajen biyan kuɗi ake ɗora shi. A Turai da Birtaniya kuwa, doka ta sa a rubuta farashi tare da harajin VAT, wanda yake kashi 19 cikin 100 a Jamus, kashi 20 a Faransa da Birtaniya, yayin da harajin saye na Japan yake kashi 10. Hanyar cire shi ita ce ka raba farashin da 1.19 idan na Jamus ne, da 1.20 idan na Birtaniya ne, da 1.10 idan na Japan ne, sannan ka mayar da abin da ya rage zuwa dala bisa canjin ranar da aka sanar da farashin, ba canjin yau ba.

Ga yadda abin yake a aikace. Lokacin da PlayStation 5 mai cin faifai ta fito a watan Nuwamba na 2020, an sa mata dala 499.99 a Amurka da yuro 499.99 a Turai. Idan aka cire harajin kashi 19, abin da ke saura yuro 420 ne, kuma a lokacin yuro ɗaya yana kusan dala 1.18, wato kimanin dala 496. Ka ga ashe farashin kusan ɗaya ne. Amma a tsakiyar 2022 yuro ya faɗi har ya yi kunnen doki da dala, abin da aka yi shekara ashirin ba a gani ba, sai wannan yuro 420 ɗin ya koma dala 420 kacal. Mai saye a Barlin bai ga canjin komai a takardar farashi ba, amma Sony ya rasa fiye da dala saba'in a kan kowace na'ura. A ranar 25 ga Agusta 2022 kamfanin ya sanar da ƙarin farashi a Turai da Birtaniya da Japan da Sin da Ostareliya da Meziko da Kanada, ya kuma ambaci hauhawar farashi da yanayin canjin kuɗi a matsayin dalili. Na'urar ta koma yuro 549.99 a Turai da fam 479.99 a Birtaniya, inda a da take fam 449.99. Amurka ce kaɗai babbar kasuwar da ba a taɓa ba, kuma dalilin a fili yake, tunda a can da dala ake sayarwa, da dala kuma ake biyan kuɗin ƙira. Ko bayan ƙarin, idan ka sake lissafin za ka tarar yuro 549.99 ba tare da haraji ba bai wuce dala 462 ba, wato kamfanin bai ɗora wa mai saye dukkan asarar ba.

Japan, inda ake ganin abin ƙuru-ƙuru

Babu wurin da ya fi dacewa a koyi wannan lissafi kamar Japan, domin can ne gidan Sony da Nintendo, amma duk da haka faɗuwar kuɗin ƙasar ba ta rangwanta wa 'yan ƙasar ba. A ƙarshen 2020 dala ɗaya tana kusan yen 104. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa don ya shawo kan hauhawar farashi, alhali babban bankin Japan ya bar nasa a ƙasa ƙwarai, sai masu jari suka riƙa sayar da yen suna sayen dala. Zuwa Oktoba 2022 dala ta kai yen 150, a watan Yuli na 2024 kuma ta haura yen 160, matakin da rabon a gan shi tun 1986.

Yanzu bi farashin PlayStation 5 mai cin faifai a tsawon wannan lokaci. Ta fito a kan yen 49,980 kafin haraji, wato yen 54,978 da haraji, wanda a canjin lokacin ya kama kusan dala 480 idan an cire harajin. A Satumba 2022 ta koma yen 60,478. A Nuwamba 2023, da aka fito da siririyar ƙira, ta koma yen 66,980, alhali a Amurka sabuwar ƙirar mai cin faifai ta tsaya a dala 499.99. A ranar 2 ga Satumba 2024 kuma aka kai ta yen 79,980. Na'urar da ta shekara kusan huɗu a kasuwa, wadda bisa al'adar da aka saba ya kamata a ce farashinta sauka yake yi, sai ga shi ta ƙara kusan rabin kuɗinta na farko. To amma ka raba 79,980 da 1.10, za ka sami yen 72,700, ka sake rabawa da 145, wanda shi ne kimanin canjin wancan watan, sai ka ga dala 501. Duk ƙarin da aka yi sau uku, komawa kawai aka yi ga farashin dala na asali.

Akwai dalili na biyu da ke tilasta wa kamfani yin irin wannan ƙari, baya ga kare riba. Idan na'ura ta yi araha sosai a wata ƙasa saboda kuɗinta ya faɗi, 'yan sari za su kwashe ta su kai inda take da tsada, musamman a Japan inda baƙi masu ziyara ke iya saye ba tare da biyan harajin kashi 10 ba. Da an bar farashin farko yadda yake har dala ta kai yen 150, da na'urar ta koma dala 333 ga mai ɗauke da dala a aljihu, kuma da ɗan ƙasa bai same ta a shago ba. Nintendo ya ɓullo wa matsalar ta wata hanya da na ga ta fi dabara. Da Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 a kan dala 449.99 a Amurka, sai ya yi wa Japan iri biyu: mai harshen Japananci kaɗai, wadda ke aiki da asusun Japan kawai, a kan yen 49,980, da mai harsuna da yawa a kan yen 69,980 da ake samu ta shagon kamfanin na intanet. Ta farkon, in an cire haraji, ba ta kai dala 320 ba. Ta biyun kuwa tana kusa da farashin Amurka. A Nuwamba 2025 Sony ma ya bi sahu da PlayStation 5 marar cin faifai mai Japananci kaɗai a kan yen 55,000. Wannan abin lura ne ga duk wanda aka kawo wa na'ura “'yar Japan” da araha mai ban mamaki: a kunna ta a gabanka, ka shiga wurin sauya harshe, ka tabbatar akwai Ingilishi ko Faransanci ko Larabci kafin ka zaro kuɗi.

Ƙarfin kuɗi ma yana da tasa illar ga kamfani. A 2011 yen ya yi ƙarfin da dala ɗaya ta sauka zuwa kusan yen 76, sai kuɗin da Nintendo ke samu a Amurka da Turai ya riƙa raguwa idan an mayar da shi yen, kuma hakan, haɗe da zaftare farashin na'urarsa ta hannu mai suna 3DS daga dala 249.99 zuwa 169.99, ya sa kamfanin ya rufe shekarar kuɗi a Maris 2012 da asara.

Dalilin da ya sa farashi ba ya motsi kullum

Canjin kuɗi yana sauyawa kowane minti, amma farashin hukuma na na'ura yakan yi shekara bai motsa ba. Manyan kamfanoni suna ƙulla yarjejeniya da bankuna tun da wuri a kan canjin da za su yi amfani da shi na watanni masu zuwa, saboda haka girgizar mako ɗaya ko biyu ba ta isa gare su. Sannan ba a jikin na'urar suke cin babbar riba ba. Daga wasannin da za a saya, da kason da suke karɓa a shagonsu na intanet, da kuɗin rajistar wata-wata suke samu, shi ya sa sukan haƙura da ƙaramar asara don kada abokin hamayya ya kwashe masu saye. Microsoft, alal misali, ya jira har watan Agusta na 2023 kafin ya kai Xbox Series X yuro 549.99 da fam 479.99, shekara guda bayan Sony.

Abin da mai saye zai ɗauka a nan shi ne ya riƙa duba tafiyar kuɗin ƙasa na watanni shida zuwa shekara, ba na kwana biyu ba. Idan lissafinka ya nuna farashin wata ƙasa, bayan cire haraji, ya yi ƙasa sosai da na Amurka kuma ya daɗe a haka, to ƙari na tafe, kamar yadda aka yi wa Kanada a Maris 2014, lokacin da PlayStation 4 ta tashi daga dalar Kanada 399.99 zuwa 449.99 watanni huɗu kacal bayan fitowarta. Ragi saboda canji ma yana faruwa, sai dai ba kasafai ba: a Satumba 2021 Nintendo ya sauke farashin Switch a Turai zuwa kimanin yuro 299, a Birtaniya kuma daga fam 279.99 zuwa 259.99, ya kuma ambaci canjin kuɗi cikin dalilansa.

Lissafin mai saye da naira

A Najeriya lamarin ya fi tsanani, domin kamfanonin nan ba sa sanar da farashi da naira, don haka babu wani babban kamfani da zai shanye girgizar canji na watanni kafin ta iso ga mai saye. Ɗan kasuwa ne ke sayen dala, ya yi sari a Dubai ko Amurka ko Birtaniya, ya shigo da kayan, su isa Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba a Legas, daga nan su bazu zuwa Abuja da Kano da Kaduna. Canjin da ya shafe shi kuwa shi ne wanda ya sami dala a kansa, sau da yawa daga 'yan canji irin na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja.

Ka yi lissafin daki-daki. Da farko ka tambayi daga ina aka yo sarin na'urar, ka nemo farashinta na hukuma a can. Lambar samfurin da ke jikin kwali da irin filogin da ke ciki sukan nuna kasuwar da aka yi ta dominta. Idan daga Dubai take, ka raba farashin dirhami da 3.67, domin dirhami a ɗaure yake da dala a kan 3.6725, idan daga Saudiyya ce ka raba da 3.75. Daga nan ka ninka da canjin dala na ranar. Dala 499 a ƙarshen 2020, lokacin da dala take kusan naira 480 a kasuwar bayan fage, ta kama naira 240,000 ne. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya haɗe hanyoyin canji a watan Yuni na 2023 ya bar kasuwa ta yi halinta, darajar naira ta yi ta faɗuwa har dala ta kai 1,500 a farkon 2024, sai wannan dala 499 ɗin ta koma kusan naira 750,000, ba tare da Sony ya ƙara ko sisi a Amurka ba. Ga ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yuli 2024, na'urar ta tashi daga albashin wata takwas zuwa na kusan wata goma sha ɗaya.

A kan wannan jimla sai ka ɗora kuɗin dakon kaya, da kuɗin kwastam, da harajin VAT na kashi 7.5, da ribar mai shigowa da ta mai shago. Canji yana shiga lissafin sau biyu, domin hukumar kwastam ma da canjin da Babban Banki ya fitar take mayar da darajar kaya zuwa naira kafin ta yanka haraji, saboda haka duk faɗuwar naira tana ƙara kuɗin sari da kuɗin fito a lokaci guda. Abin da ya rage tsakanin lissafinka da farashin da mai shago ya faɗa shi ne filin ciniki, kuma in ka tambayi shaguna uku ko huɗu a rana ɗaya za ka gane wanda ya wuce gona da iri.

Za ka ji mai shago ya ce, “Alhaji, dala ce ta tashi,” alhali kwalin da ke gabanka ya yi wata biyu a kanta, an kuma sayo shi da tsohon canji. A ganina yana da hujja, ko da ba ta yi wa mai saye daɗi ba: ba kuɗin da ya kashe jiya yake dubawa ba, kuɗin da zai maye gurbin kayan gobe yake dubawa, kamar mai sayar da shinkafa da ya ji buhu ya tashi a Dawanau tun bai ƙarar da na shagonsa ba. Inda hujjar ke rauni shi ne lokacin da naira ta farfaɗo, domin a nan sai ya koma maganar tsadar da ya sayo kayan. A Afrilu 2024 naira ta farfaɗo zuwa kusan 1,100 a kan dala, cikin 'yan makonni kuma ta koma wajen 1,500, kuma irin wannan juyi shi ke sa 'yan kasuwa jan ƙafa wajen sauke farashi. Idan naira ta yi ƙarfi, ka ɗan dakata har sabbin kaya su shigo da sabon canji, ka kuma nemi shagon da kayansa ba sa kwana. Idan kuwa faɗuwa take yi kuma kuɗinka a hannu suke, jira asara ce.

Mai saye a Yamai ko Maraɗi ko Garwa ko Njamena nasa lissafin ya fi sauƙi, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Yuro 549.99 sefa 360,800 ne a kowace rana, kuma abin da zai sa ido a kai shi ne canjin yuro da dala, musamman idan daga Dubai kayan suka zo. A Gana kuwa sidi yana yawo ne kamar naira, kuma a 2022 ya faɗi daga kusan 6 a kan dala zuwa sama da 13 kafin ƙarshen Nuwamba.

Ba kowane ƙari ne na canji ba

Wajibi ne a rarrabe, don kada a ɗora wa dala laifin da ba nata ba. Lokacin da PlayStation 4 ta fito a Brazil a 2013 a kan real 3,999 na kuɗin ƙasar, kimanin dala 1,800 ga na'urar da ake sayarwa dala 399 a Amurka, harajin shigo da kaya ne ya ci mafi yawan bambancin. A 2025 kuma farashi ya tashi a Amurka kanta, inda babu maganar canji: a watan Mayu Xbox Series X ta koma dala 599.99, a watan Agusta PlayStation 5 ta koma 549.99, a daidai lokacin da gwamnatin Amurka ta ɗora sabbin haraji a kan kayan da ake shigowa da su daga Asiya, harajin da ya sa Nintendo ya ɗage fara karɓar odar Switch 2 daga 9 zuwa 24 ga Afrilu. Gwajin mai sauƙi ne: idan farashin dala ya tsaya, na ƙasarka ya tashi, to canji ne ko harajin gida, idan farashin dala da kansa ya tashi, to ko naira ta yi ƙarfi ba lalle ne ka ga sauƙin da kake tsammani ba.

Kuɗin da ke biyo bayan sayen na'urar su ma a saka su cikin lissafi, domin sun fi na'urar saurin jin canji. Sabon babban wasa yakan kai dala 69.99, wato sama da naira dubu ɗari a canjin 1,500, ga kuɗin rajistar wasa ta intanet da ake biya duk wata ko duk shekara. Da yawa daga cikin masu wasa a Najeriya da adireshin Amurka ko Birtaniya suke buɗe asusun PlayStation, su riƙa loda shi da katin kuɗi da ake sayarwa da naira bisa canjin ranar. Ƙasar da ka zaɓa wa asusun ba ta sauyuwa daga baya, katin da za ka loda dole ya zama na wannan ƙasar, ƙarin kayan wasa da ake saukewa kuma sai yankinsu ya dace da na faifan, don haka ka kwatanta canjin dala da na fam tun kafin ka buɗe asusun. Buɗe asusu a ƙasar da kuɗinta ya faɗi don neman araha kuwa ba abin dogaro ba ne, domin kamfanoni na toshe wannan ƙofa: a Nuwamba 2023 shagon Steam na wasannin kwamfuta ya daina karɓar peso na Ajantina da lira ta Turkiyya, ya mayar da farashin ƙasashen biyu zuwa dala, kuma wasanni da yawa suka ninka kuɗinsu a rana ɗaya.